Daga Asaba zuwa Kaduna: yadda Masu Gida suka share hawayensu

Unguwar Nassarawa GRA ba wurin hayaniya ba ce. Dogayen katangu ne, da itatuwan darbejiya, da manyan ƙofofin ƙarfe da ba a buɗe su sai an yi hon. Amma duk ranar da Kano Pillars ke da babban wasa, mai wucewa da yamma zai ga masu gadi sun jawo benci waje, direbobi sun jingina da motocin iyayen gidansu, an kewaye rediyo ɗaya a teburin mai shayi. Cikin gida yaran Alhaji na musu kan Arsenal da Chelsea. A bakin ƙofa kuwa magana ɗaya ce: Sai Masu Gida!

Mutanen bencin nan, idan ana so a ga ransu ya ɓaci, a ambaci Asaba.

Ranar Laraba 24 ga Oktoba 2018 aka buga wasan ƙarshe na Kofin Aiteo a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba, tsakanin Pillars da Enugu Rangers. Tun mintunan farko kyaftin Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, ya buɗe raga. Ibrahim Alhassan ya ƙara ta biyu kafin hutun rabin lokaci, ana dawowa kuma Nyima Nwagua ya zura ta uku. Uku da nema, a wasan ƙarshe! Wa zai ga laifin wanda ya fara yi wa maƙwabcinsa barka? Saura ƙasa da minti 15 a tashi Kelvin Itoya ya farke ɗaya. Ba a gama cewa ba komai ba, Chidera Ezeh ya ƙara. Ana dab da busa tashi Ajani Ibrahim ya cike ta uku. Aka je bugun fenariti da 'yan wasan da jikinsu ya riga ya yi sanyi, Rangers ta ci 4 da 2, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1983.

Abin da ya ƙara wa ciwon zafi shi ne Pillars ba ƙaramar ƙungiya ba ce. An kafa ta a 1990, bayan haɗe ƙungiyoyi uku na Kano: WRECA, da Golden Stars, da Bank of the North. Ta lashe gasar lig ta ƙasa a 2008, sannan ta jera uku, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙi ke shiga da fargaba. Kofin ƙalubale, wanda daga baya ya koma Kofin Aiteo, shi ne kawai ya ƙi ta. Ta kai wasan ƙarshe a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta.

Ga wanda bai saba bin ƙwallon gida ba, lig da kofi abu biyu ne. A lig maki ake tarawa wata da watanni, wanda ya faɗi yau zai iya gyarawa mako mai zuwa. Kofi kuwa sili ɗaya ƙwale ne. Ana farawa daga jihohi, ƙananan ƙungiyoyi na karawa da manya, kuma duk wanda aka doke ya kama hanyar gida. Ita ce gasar ƙwallo mafi daɗewa a Najeriya. An fara ta a 1945 da sunan Kofin Gwamna, ƙungiyoyin Legas ne kuma suka yi ta cinye ta har 1953, lokacin da tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos 2 da 1, kofin ya bar Legas a karon farko. Sunanta ya sha canzawa, daga Challenge zuwa Federation zuwa Aiteo, sunan kamfanin man da ya ɗauki nauyinta na wasu shekaru daga 2017, amma dattawa har yau Chalenj suke cewa.

Wata tara bayan Asaba, ranar Lahadi 28 ga Yuli 2019, Pillars ta sake kaiwa wasan ƙarshe, kuma koci Ibrahim Musa, wanda ya sha zagin waccan ranar, shi ne dai a kan benci. Wannan karon a filin Ahmadu Bello na Kaduna ne, tafiyar 'yan sa'o'i daga Kano, don haka magoya baya suka yi ɗango a mota. Abokiyar karawar ita ce Niger Tornadoes ta Minna, wadda ta faɗa gasar 'yan dagaji a kakar, amma ta san hanyar kofin: ta ɗauke shi a 2000, ta kuma rasa shi a hannun Akwa United a bugun fenariti a 2017. Kowane ɓangare da tabonsa ya zo.

Maganar gaskiya, wasan bai kama ƙafar na Asaba a daɗin kallo ba. An tashi canjaras, babu ci. Aka sake komawa fenariti, abin da Bakano ba ya son ji. Sai dai wannan karon ƙafa ba ta yi rawa ba, Pillars ta ci 4 da 3. Jaridu da dama sun rubuta cewa ta kawo ƙarshen jiran shekara 66. Birnin ne ya yi wannan jiran, domin a 1953 ba a ma haifi ƙungiyar ba. A wurin Pillars wannan ne na farko.

Tornadoes ma ba ta tafi hannu rabbana ba. Da yake Pillars ta riga ta samu gurbin gasar zakarun Afirka ta hanyar lig, ita aka bai wa kujerar gasar Confederation.

Nassarawa GRA tana da wata alaƙa da ƙungiyar da ta wuce ta bencin masu gadi. Pillars mallakar gwamnatin jiha ce, Gidan Gwamnati kuma a unguwar yake. Daga can ake naɗa shugabannin ƙungiya, can ake jiran sa hannu kan albashi da kuɗin tafiya. Tsari ne mai daɗi idan mai mulki na son ƙwallo, amma yana barin makomar ƙungiya mai miliyoyin magoya baya a kan teburin mutum ɗaya. Shekara uku bayan murnar Kaduna, a 2022, Pillars ta faɗo daga babbar gasar ƙasa. Ta dawo a 2023.