Ciwace-ciwacen alkama da yadda za ka gane su a garkarka

Ɗan uwa manomi, a nan Dogon Kiriya hatsi da wake ne abincin gado, kowa ya san ciwonsu tun yana yaro. Alkama kuwa baƙuwa ce. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani, garake suka yawaita cikin Dallol Mawri. Alkama ta fi yawa a gandun ban ruwa na Birnin Ƙonni, a garaken Agadas da kuma Kadawa ta ƙasar Kano. Amma in ka ware mata fangali biyu ko uku a garkarka saboda alkaki da taliya, to, ga abin da za ka riƙa dubawa.

Mu fara da burtuntuna, don ka san ta a dawa. Ta alkama tana bayyana lokacin fitar kai. Sai ka ga zangarniya ta fito baƙa ƙirin, ba ƙwaya, sai gari kamar na gawayi. Cikin ƴan kwanaki iska ta kwashe garin, ta bar tsinke tsirara. Garin nan yana sauka kan furen alkama mai lafiya, ya shige cikin ƙwayar tun tana ɗanya. Ran sussuka za ka ga ƙwayar fes, ba tabo. Ka ajiye ta iri, baɗi ciwon ya fito. Abin da ka gani bana, bara aka shuka shi.

Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Garin maganin da ake cuɗa irin dawa da shi yana kashe abin da ke bayan ƙwaya. Na alkama yana can ciki, sai maganin da ke ratsa tsiro. Saboda haka ka gaya wa malamin gona irin alkama ne za ka wanke, kada ka ce masa “maganin iri” kawai. Irin da aka cuɗa da magani ba a ci, ba a ba kaji.

Akwai kuma dabarar da manoman Indiya da Pakistan suka daɗe suna yi, wadda ba ta cin ko dala. A tsakiyar bazara, a jiƙa irin cikin ruwa awa 4 da safe, sannan a baza shi siriri a rana mai tsanani har la'asar. Jiƙon yana tada ciwon, zafin rana ya kashe shi. Ranar watan Afrilu da Mayu a Arewa ta isa wannan aiki. Sai dai irin ya bushe ƙayau kafin a ɗaure buhu. A cikin garka kuwa, duk baƙar zangarniyar da ka gani, ka rufa mata leda, ka yanke, ka ƙone. Kada ka girgiza ta.

Sai tsatsa. Ka shafa ganyen da farin ƙyalle: in ya ɗauko gari ja kamar na tsohon ƙarfe, ita ce. Akwai ta ganye, mai ƙananan ɗigo ruwan goro. Akwai ta kara, mai ja ƙwarai, wadda ke tsaga fatar kara har alkama ta kwanta, ƙwaya ta motse. Ta karan ta fi muni. Wata mai suna Ug99, da aka gano a Uganda a 1998, ta kai Kenya da Habasha, ta ƙetare teku zuwa Yaman, har Iran a 2007. Iska ce ke ɗaukar ta, ba iri ba, don haka wanke iri ba ya hana ta. Sa'ar da muke da ita, tsatsa na bukatar ganye ya kwana da danshi, hunturunmu kuwa busasshe ne. Kada ka ɓata wannan sa'a da hannunka: ban ruwa a ƙasa da safe, ba yayyafi kan ganye da marece ba. Shuka a cunkushe da yawan takin ure suna taimakon ta. Babban maganinta iri mai jure ta ne. In ka gan ta kafin fitar kai, ka kai ganyen wurin malamin gona a ranar, don feshi bayan ƙwaya ta ƙosa asara ce.

Ruɓar gindi kuma ciwon mai gaggawa ne. Wanda ya shuka tun Oktoba, ƙasa da sauran zafi, ya cika fangali da ruwa, zai ga tsiro na yaushi wuri-wuri. Ka tuge ɗaya. In gindin ya ruɓe, da farin zare kamar yanar gizo-gizo, shi ne. Ka jira sanyi, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ka sa takin da ya ruɓe sarai, kada ruwa ya kwana a fangali, baɗi kuma ka canza wa alkama wuri.

Ba kowace rawaya ce ciwo ba. In tsofaffin ganye na ƙasa suka fara ɗorawa, ba ɗigo, ba gari a ƙyalle, yawanci yunwar taki ce ko ruwa ya yi yawa. In kuma zangarniya ta yi fari fat ba ƙwaya, ka tona gindin ka tsaga karan tukuna, sau da yawa gara ce ko tsutsa ke ciki.