Ƙananan Hukumomi da Adana Ganuwar Birnin Kano

Manufar wannan takarda ita ce ta duba matsayin ƙananan hukumomi dangane da kiyaye ganuwar Kano, wadda Kanawa ke kira badala, da ƙofofinta. Masana tarihi sun nuna cewa Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya soma ginin ganuwar, sa'an nan Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta. Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, aka gina Gidan Makama a zamaninsa.

Ginin ƙasa ba ya zama sai da hannu a kansa. Kowace damina takan zaftare wani abu daga jikinsa, saboda haka a zamanin da, gyaran ganuwa aikin gayya ne bisa umarnin Sarki, kowace ƙofa kuma tana da Sarkin Ƙofa mai tsaronta. Bayan zuwan Turawa a 1903 ganuwar ta daina amfani wajen yaƙi, amma dai ragamar birni ta ci gaba da zama a hannu ɗaya, wato Hukumar En'e. Wanda zai ɗebi ƙasar badala ya san gaban wanda za a gurfanar da shi.

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya janye wannan iko daga fada, ba tare da ya danƙa shi ga wani takamaimai ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta mai da filayen birane hannun Gwamna. Doka mai lamba 77 ta 1979 kuwa ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda kayan tarihin da aka ayyana suke ƙarƙashinta. Ga shi kuma cikin birnin kansa an raba shi tsakanin ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale. Ashe ke nan ganuwa ta Tarayya ce, filin da take kai na Jiha ne, ƙaramar hukuma kuwa maƙwabciya ce kawai. Sakamakon haka a bayyane yake ga duk wanda ya zaga: wani wuri an kwashe ƙasar an yi tubali, wani wuri gidaje da shaguna sun hau kai. A 2007 an shigar da ganuwar cikin jerin wucin gadi na UNESCO, amma a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, daga baya aka sāke gina wata a gurbinta.

Duk da haka, a ganina kuskure ne a ce ƙaramar hukuma ba ta da abin yi. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da sanya wa tituna suna. Abubuwan da ke cin ganuwa kullum kuwa su ne waɗannan: juji a gindinta, da rumfunan 'yan tireda, da ruwan kwata da ke jiƙa tushenta. Hana su ba ya bukatar ƙwararre daga Abuja. Masu unguwanni sun san kowane mai gini a yankinsu, magina na gargajiya kuma suna nan da sanin tubali da makuba. Abin da ya rage shi ne hukumomin nan uku su keɓe wa gyaran bayan damina kaso a kasafinsu na kowace shekara, su kuma yi shi tare da masarauta da Hukumar Gidajen Tarihi, wadda ofishinta na Gidan Makama ke cikin birnin.