Awa 48 Da Ke Raba Mai Sauƙi Da Mai Tsanani A Kumburin Fankiriyas

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, ita ke fitar da insulin da ruwan narkar da abinci. Idan ta kumbura farat ɗaya, yawanci saboda tsakuwar matsarmama ko shan giya, ciwo mai tsanani kan turnuƙe saman ciki ya ratsa har gadon baya, ga amai. Likita kan tabbatar da cutar idan ya samu biyu daga cikin alamu uku: irin wannan ciwon, ko sinadarin lifes ko amiles a jini ya ninka iyakarsa sau uku, ko hoton ciki ya nuna kumburin.

Gano cutar ba shi ne ƙarshen aiki ba. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu ita kan warware cikin mako guda, sauran kuwa rayuwarsu na iya shiga haɗari. Zafin ciwo ko yawan lifes ba sa bambance su.

Shi ya sa masana suka hallara a Atlanta ta Amurka a 1992 suka tsara matakan cutar, aka sabunta tsarin a 2012. Mai sauƙi shi ne wanda babu gaɓar da ta gaza, kuma babu wata matsalar da ta biyo baya. Matsakaici shi ne wanda huhu ko ƙoda ko zagayawar jini ta gaza amma ta farfaɗo kafin awa 48, ko ruwa ya taru kewaye da fankiriyas, ko wani sashenta ya mutu. Mai tsanani kuwa shi ne wanda gazawar ta zarce awa 48, kuma a nan aka fi rasa rayuka.

To, ta yaya za a hango hakan tun ranar farko? Ma'aunin da John Ranson ya fitar a 1974 yana da alamu 11, amma ba ya cika sai bayan kwana biyu. Ma'aunin BISAP na 2008 ya fi sauƙin aiki, alamu biyar ne kawai: yawan yuriya a jini, ruɗewar hankali, shekaru sama da 60, ruwa a gefen huhu, da alamun kumburin jiki gaba ɗaya kamar zazzaɓi da bugun zuciya sama da 90 a minti. Wanda ya tara uku, a sa masa ido sosai. Hoton CT kuwa ya fi amfani bayan kwana uku, domin mataccen nama ba ya bayyana da wuri.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a wajenmu duk ciwon saman ciki "olsa" ake ce masa, a sayi magani a kemis a koma gida. Asibitin da ba shi da na'urar CT yana iya auna fitsarin majinyaci awa-awa, da numfashinsa, da hawan jininsa, ya tura shi babban asibiti kafin ƙoda ta tsaya. Jama'a kuma, ciwon cikin da ya ratsa baya ya zo da amai, a garzaya asibiti a ranar, kada a jira gobe.