Gyaran Fako a Gindin Itace

Duk wanda ya bi hanya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu zai ga dogon yaro da mangwaro a kusan kowane gari: a bakin kasuwa, a filin makaranta, a harabar majami'a. Inuwa kam ga ta. Amma a dubi ƙasar da ke gindinsu. Ta daskare ta zama fako, ciyawa sai tsilli-tsilli. In ruwan sama ya sauko ba ya nutsewa, sai ya gangara ya kwashe 'yar ƙasar da ta rage, ya bar saiwoyi a fili. Bayan 'yan shekaru rassan sama su fara bushewa, a ce itacen ya tsufa. Sau da yawa ƙishirwa ce kawai.

'Yan'uwa manoma, mu ne muke jawo wannan. A gindin itace muke kafa turken jaki da na awaki, nan ake taro, nan ake jingine babur. Ƙasar kwarin Rima, musamman ta kusa da fadama, tana da laka. In an tattake ta da danshi, sai 'yan ƙofofin da iska da ruwa suke bi su toshe. Sa'an nan kowace safiya yara su share ganyen tas, a ƙone. Ganyen nan kuwa shi ne abincin ƙasar.

Kada a shiga wurin da garmar shanu ko diga. Ƙananan saiwoyin da itace yake sha da su, yawancinsu ba su yi nisa cikin ƙasa ba, kuma sun bazu har bakin inuwa, sun ma wuce. In an datse su, an ƙara wa majinyaci ciwo.

Dabarar da ta fi dacewa ita ce tassa, wadda manoman jihar Tawa a ƙasar Nijar suka farfaɗo da fako mai yawa da ita tun daga shekarun 1980. A watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan fari, a ɗauki dagi a haƙa ƙananan ramuka, faɗi kamar ƙwarya, zurfi kamar tsawon tafin hannu, taki ɗaya tsakanin rami da rami. A fara daga bakin inuwa a yi ciki, a bar taki biyu kafin gindin. In an ci karo da babbar saiwa, a kauce mata. A zuba ruɓaɓɓen taki cikin hannu biyu a kowane rami. Daga nan a lulluɓe wurin duka da ganye, da kara, da ɓuntun shinkafa, kaurin yatsa huɗu. Ɓuntu kuwa ba ya wuya a ƙasar Kabi, tuli yake a bakin injinan casa. Amma kada a tara shi jikin kututture, don yana sa ɓawo ya ruɓe.

Wani zai ce wannan ai gayyatar gara ce. Haka ne, ita ma ake nema. Gara takan bi takin da karan, ta huda fakon ta yi hanyoyi, ruwa ya bi su ya nutse. Aikin da ɗan ƙodago zai yi da kuɗi, ita kyauta take yi.

Ciyawa fa? A tsakiyar inuwar mangwaro mai duhu kada a wahal da kai, ba za ta kama ba. Shimfiɗar ganye ta isa. A gefe, inda rana take samu rabin yini, a ciro kiri-kiri daga fadama da saiwarsa a dasa bayan ruwa ya zauna. In dogon yaro ne, a rage ƙananan rassa da rani don haske ya shiga.

Abin da ya fi wuya shi ne shinge. Sai ƙungiya ta zauna ta yarda a tsare wurin damina ɗaya cif, a mayar da turke wani waje, a bar hanya guda ta shiga inuwa. Wanda aka ɗora wa tsaron, ya shirya jin ƙorafin masu awaki har kaka.