Famfon Da Ke Tallafa Wa Zuciya: Ɗawainiyar Jinya Ta Fi Kuɗin Sayen Na'ura

A ranar 3 ga watan Yuni na shekarar 2021, kamfanin Medtronic, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera kayayyakin aikin asibiti a duniya, ya ba da sanarwar dakatar da sayar da wani famfon jini mai suna HVAD, wanda ake dasa wa masu fama da gazawar zuciya. Shekara 5 kacal kafin wannan sanarwa, kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan 1,100 wajen sayen HeartWare, wato kamfanin da ya ƙirƙiro famfon.

Dalilin janye shi daga kasuwa shi ne an lura masu amfani da shi sun fi gamuwa da shanyewar ɓarin jiki da kuma mutuwa, in an kwatanta da masu amfani da famfon wani kamfani, kuma waɗansu daga cikin na'urorin kan ƙi tashi idan suka tsaya. A lokacin, mutane wajen 4,000 ne a faɗin duniya ke ɗauke da wannan famfo a ƙirjinsu, kuma hukumomin lafiya sun ba da shawarar kada a cire shi haka kawai, saboda hatsarin sake yin fiɗa ya fi na barinsa. Ciniki ya tsaya, amma ɗawainiyar samar wa waɗannan bayin Allah batura da kayan gyara da kulawar likitoci ta ci gaba.

Wannan lamari ya fito da wata gaskiya da ta shafi duk wani mai hali da ke tunanin nema wa kansa ko ɗan'uwansa irin wannan magani a ƙasashen waje. Kamar yadda mai doki ya sani, kuɗin da aka biya a kasuwa somin taɓi ne. Harawa da dusa da kula da lafiyar dabbar su ne hidimar kullum.

Gazawar zuciya ita ce halin da zuciya ke shiga idan ta kasa harba isasshen jini zuwa sassan jiki. Mai fama da ita yakan yi haki, ƙafafunsa su kumbura, ya kasa kwanciya sai ya tara matasai. An ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 60 ne ke ɗauke da wannan lalura a duniya. Mafi yawansu magunguna na riƙe su shekara da shekaru, amma akwai waɗanda ciwon kan kai su matakin da magani ba ya ƙara yin tasiri. Ga irin waɗannan, dashen zuciya shi ne babbar mafita tun lokacin da Dokta Christiaan Barnard ya fara yin sa a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu a watan Disamba na 1967. Sai dai zukatan da ake samu ba su isa ba. Ko a Amurka, inda ake dashen zuciya sama da 4,000 a shekara, masu bukata sun fi abin da ake da shi.

Wannan giɓi ne ya haifar da kasuwar na'urorin. A 1966 Dokta Michael DeBakey ya yi nasarar tallafa wa zuciyar wata mata da famfo har kwana 10 a birnin Hustan, ta kuma warke. A 1982 aka sa wa wani likitan haƙori, Barney Clark, cikakkiyar zuciyar roba mai suna Jarvik-7 a Jami'ar Yuta, ya rayu kwana 112. Daga baya masana suka fi karkata ga barin zuciyar mutum a inda take, a haɗa mata famfo mai taya ta aiki, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da LVAD.

Famfon da ya mamaye kasuwa tun bayan ficewar Medtronic shi ne HeartMate 3 na kamfanin Abbott. Nauyinsa kimanin giram 200 ne. Ana ɗinke shi a ƙasan ɗakin hagu na zuciya, ya riƙa zuƙo jini yana tura shi cikin babbar jijiyar da ke rarraba jini ga jiki. Fankar da ke cikinsa tana shawagi ne a tsakanin maganaɗisu ba tare da ta taɓa komai ba, tana juyawa sau dubbai a minti guda, tana kuma iya tura jini har lita 10 a minti. Wata waya kan fito ta fatar ciki ta haɗu da ɗan akwatin sarrafawa, shi kuma ya haɗu da batura biyu da majinyaci ke ratayawa a jikinsa.

Alƙaluman bincike sun nuna irin ci gaban da aka samu. A gwajin REMATCH da aka buga sakamakonsa a 2001, wanda ya ƙunshi majinyata 129, kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa famfon wancan zamani sun kai shekara guda da rai, alhali kashi 25 ne kawai na masu shan magani zalla suka kai. Amma bayan shekara 2, kashi 23 ne suka rage a cikin masu famfon. Gwajin MOMENTUM 3, mai majinyata fiye da 1,000, ya nuna a rahoton 2022 cewa kimanin kashi 58 cikin ɗari na masu HeartMate 3 sun kai shekara 5, idan aka kwatanta da kashi 44 na masu famfon da ya gabace shi. Tsohon Mataimakin Shugaban Amurka, Dick Cheney, ya yi wata 20 da irin wannan na'ura, daga 2010 har aka yi masa dashen zuciya a 2012.

Manyan kamfanoni sun zuba dukiya mai yawa a wannan fage. A 2015 St. Jude Medical ya sayi Thoratec, mai ƙera HeartMate, a kan fiye da dala miliyan dubu 3. A farkon 2017 Abbott ya haɗiye St. Jude ɗin kansa a kan kimanin dala miliyan dubu 25. A 2022 kuma Johnson & Johnson ya biya dala miliyan 16,600 ya mallaki Abiomed, mai ƙera famfon Impella na wucin gadi da ake amfani da shi a ɗakin kula da marasa lafiya na musamman. A Amurka, kuɗin na'ura da fiɗa da zaman asibiti na farko kan haura dala dubu 150, kuma inshora ce ke ɗaukar mafi yawan wannan nauyi.

To amma daga ranar da aka sallami majinyaci ne ainihin aikin ke farawa. Abu na farko shi ne wutar lantarki. Batura biyu cikakku na iya kaiwa awa 17, batirin ko-ta-kwana da ke cikin akwatin sarrafawa kuwa minti 15 kawai yake ɗauka. Da dare ana jona na'urar da wutar gida. Saboda haka asibitoci kan binciki wayoyin wutar gidan majinyaci kafin a sallame shi, su kuma wajabta masa yawo da ƙarin batura da akwatin sarrafawa na biyu duk inda zai je.

Abu na biyu shi ne jini. Domin kada ya daskare a cikin famfon, dole majinyaci ya sha maganin warfarin muddin yana tare da na'urar, ana kuma auna jininsa a kai a kai. In maganin ya yi kaɗan, gudan jini na iya toshe famfon ko ya haura ƙwaƙwalwa. In ya yi yawa, jini ya ɓalle, musamman a hanji ko ta hanci. A 2023 wani gwaji mai suna ARIES ya nuna cewa janye asfirin daga magungunan masu HeartMate 3 na rage zubar jini ba tare da ƙara hatsarin daskarewarsa ba, abin da ya rage komawa asibiti da kuma kuɗin da ake kashewa.

Abu na uku shi ne wurin da waya ta fito daga ciki, wanda ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Ana wanke shi ana sauya bandeji da kayan da aka tsabtace, bisa ƙa'idar da asibiti ya gindaya, kuma an hana majinyaci iyo ko shiga kwamin wanka. Idan ƙwayoyin cuta suka bi wayar suka shiga ciki, magance su kan ɗauki watanni.

Har ila yau, da yake famfon na tura jini ne ba tsayawa, sau da yawa ba a jin bugun jini a wuyan hannun majinyaci, kuma na'urar awon jini ta yau da kullum kan kasa karanta komai. Ma'aikacin jinyar da bai san da haka ba na iya ruɗewa ya yanke hukuncin da ba daidai ba. Shi ya sa kowace cibiya da ke wannan aiki take da jami'i na musamman da ake samu ta wayar tarho dare da rana, kuma ba a cika yarda a yi wa mutum dashen famfo ba sai yana da wani na kusa da aka horar kan sauya batir da fahimtar ƙarar gargaɗi.

A nan ne batun ya shafi 'yan kasuwar Nijeriya, waɗanda da damansu kan nemi maganin ciwon zuciya a Indiya ko Masar ko Ingila. Kuɗi na iya sayen fiɗar a can, amma mai shirin dawowa gida sai ya fara amsa waɗansu tambayoyi: ina zai samu wutar da ba ta yankewa, wane ɗakin gwaji ne zai riƙa auna jininsa, wa zai shigo masa da batura da kayan sauya bandeji da kuɗin waje, kuma wane asibiti ne mafi kusa da ya san na'urar idan ta yi ƙara da tsakar dare? Wanda bai tanadi amsoshin ba, ya sayi rabin magani ne.

Akwai kuma darasi na biyu. Binciken THESUS-HF da aka buga a 2012, wanda ya duba majinyata 1,006 a ƙasashen Afirka 9 har da Nijeriya, ya gano cewa matsakaicin shekarun masu zuwa asibiti da gazawar zuciya 52 ne, wato mutane ne da ke tsakiyar neman abinci, kuma hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari na lalurar. Kuɗin famfo guda ɗaya zai iya sayen maganin hawan jini na dubban mutane na tsawon shekara. Ga mai kamfani ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, sayen na'urar awon jini da shirya wa ma'aikata gwaji lokaci zuwa lokaci shi ne jarin da ya fi araha, domin kuwa rigakafi ya fi magani.