Daga Sauron Fadama zuwa Sankarar Muƙamuƙi: Alƙaluma Shida da Suka Shafi Yaran Kebbi

A binciken 2021, Jihar Kebbi ce kan gaba a Najeriya wajen yawan yaran da ke ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu. A Amurka kuwa, wani kamfanin magunguna ya zuba dala biliyan 4.9 don mallakar maganin sankara guda, daga bisani maganin ya faɗi a gwaji. Mai karanta jarida zai ɗauka babu abin da ya haɗa labaran biyu, amma a ɗakin bincike ƙwayar halitta ɗaya ce a tsakiyarsu. Masana na kiranta makurofaj, kuma aikinta haɗiye duk abin da jiki ba ya so. Alƙaluma shida da ke tafe za su nuna yadda ta haɗa zazzaɓi da ƙarancin jini da sankara, da kuma inda ya kamata Kebbi ta sa ƙarfinta.

Kashi 49 cikin 100

Binciken maleriya na ƙasa da aka gudanar daga Oktoba zuwa Disamba 2021 ya duba jinin yara masu wata 6 zuwa 59 a ƙarƙashin madubin likita. A Kebbi, kashi 49 cikin 100 na yaran da aka gwada suna da ƙwayar cutar. Matsakaicin ƙasa kashi 22 ne, Legas kuwa kashi 2 kacal.

Akwai abubuwa uku da za a kiyaye wajen karanta wannan adadi. Na farko, ba yaran da ke kwance da zazzaɓi aka ƙirga ba. Gida-gida aka bi, kuma da yawa daga waɗanda aka samu da ƙwayar suna wasansu lafiya lau. Na biyu, matsakaici ne na jihar baki ɗaya. Ba za a ce rabin yaran unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi suna ɗauke da ita ba, domin binciken ya nuna cewa a faɗin ƙasa yaran ƙauye sun ninka na birni fiye da sau biyu. Nauyin ya fi karkata ga ƙauyuka irin na bakin gulbin Rima, inda fadamar da ke ba Argungu shinkafa da kifi ke riƙe ruwan da sauro ke haihuwa a ciki. Na uku, irin gwajin na canza sakamako. Gwajin gaggawa na ɗigon jini ya ba da kusan kashi 40 a ƙasa baki ɗaya, domin yana gano wani furotin na ƙwayar da ke daɗewa a jini makonni bayan an sha magani.

Adadin na sauka, amma saurinsa ya ragu. A 2015 Kebbi na da kashi 64, a 2018 kashi 52, a 2021 kashi 49. Maki 12 aka rage a shekaru ukun farko, maki 3 a na biyu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa an kamu da maleriya sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka mutu, kuma kusan kashi 31 na mace-macen a Najeriya ne.

Biliyan 200

A 1882, a garin Messina na Italiya, masani Elie Metchnikoff ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro. Kashegari ya tarar da wasu ƙwayoyi masu motsi, irin makurofaj, sun yi wa ƙayar zobe. Wannan bincike ne ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1908.

A 2023 masu bincike na Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila sun lissafa ƙwayoyin garkuwar jikin namiji mai kilo 73. Sun samu kimanin tiriliyan 1.8, masu nauyin kilo 1.2. Makurofaj kusan kashi 10 ne na adadin, wato wajen biliyan 200, amma saboda girmansu su ne kusan rabin nauyin. Suna zaune a hanta da saifa da huhu da ɓargo da ƙwaƙwalwa.

Babban aikinsu na yau da kullum yana cikin jini. Baligi na da jajayen ƙwayoyin jini wajen tiriliyan 25, kowace tana rayuwa kusan kwana 120. Idan aka raba, fiye da biliyan 200 ke tsufa a kowace rana, sama da miliyan 2 ke nan a daƙiƙa guda. Makurofaj na saifa da hanta ne ke haɗiye su. Kamar 'yan gwangwan masu bin unguwa suna tara tsohon ƙarfe a kai shi a narke, haka suke ciro sinadarin ƙarfe daga tsofaffin ƙwayoyi su mayar wa ɓargo ya ƙera sababbi. Abin da suke mayarwa ya kai miligiram 20 zuwa 25 a rana, alhali abin da hanji ke tsotsa daga abinci miligiram 1 zuwa 2 ne. Ke nan kusan kashi 90 na ƙarfen da jiki ke yin sabon jini da shi daga hannunsu yake fitowa.

Takwas a kan ɗaya

Iyaye kan yi mamakin yadda zazzaɓin 'yan kwanaki ke sa tafin hannun yaro da cikin idonsa su yi fari fat, har likita ya ce sai an ƙara jini. Ƙwayar maleriya na fasa jajayen ƙwayoyin da ta shiga, amma ba nan ne babbar asarar take ba. Wani lissafi da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa a kan kowace ƙwayar jini ɗaya da cutar ta shiga, kimanin takwas da ba ta taɓa ba ne ke salwanta. A lokacin cutar fatarsu kan yi tauri ta samu tabo, sai makurofaj na saifa su ɗauke su a matsayin lalatattu su haɗiye. Yawan wannan aiki na cikin abin da ke kumbura saifar yaran da ke yawan zazzaɓi.

Akwai ƙarin illa biyu. Kumburin da cuta ke tayarwa a jiki na sa hanta ta saki wani sinadari da ke hana makurofaj sakin ƙarfen da suka tara, sai ɓargo ya rasa kayan aiki. Sannan ƙwayar maleriya na barin wani baƙin tuka bayan ta ci jini, kuma makurofaj da suka cika ciki da shi kan yi rauni wajen kashe bakteriya. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa yaron da ya tashi daga maleriya mai tsanani ya sake faɗawa wata cutar jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 68 na ƙananan yaran Najeriya da ƙarancin jini. Rashin abinci mai gina jiki da tsutsar ciki da sikila duk suna da kaso a ciki, amma inda maleriya ta yi katutu, kasonta babba ne.

Awa 24 zuwa 48

A 1958 likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda. Da ya bi sawunta a taswira, sai ya ga tana bin wuraren zafi da damshi, inda maleriya ba ta yankewa. A 1964 aka gano ƙwayar bairos ta Epstein-Barr a cikin ƙarin. Abin da aka fahimta yanzu shi ne, maleriya mai maimaituwa na tilasta wa wasu fararen ƙwayoyin jini yawan rarrabuwa, tana kuma raunana tsaron da jiki ke yi wa bairos ɗin. A cikin wannan hayaniya wani yanki na kuromosom na 8 kan sauya wuri, galibi da na 14, sai ƙwayar ta kasa tsayawa. A 2012 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya irin wannan maleriya a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa sankara.

Ƙwayoyin sankarar Burkitt na iya ninkawa cikin awa 24 zuwa 48, shi ya sa ake lissafa ta cikin mafi saurin girma a jikin ɗan Adam. A lissafin takarda, ninki duk kwana biyu na nufin sau 32 cikin kwana goma. Girman ƙarin bai kai haka ba, domin ƙwayoyi da yawa na mutuwa a hanya, makurofaj kuma na bin su suna haɗiyewa. Idan likitan binciken tsoka ya duba a madubi, yakan ga waɗannan makurofaj fari-fari warwatse a tsakanin ƙwayoyin sankara masu duhu. A littattafan likitanci ana kiran wannan kama sararin taurari, kuma tana cikin alamun da ake gane cutar da su.

Kada adadin ya firgita kowa. A yankunan Afirka da ta fi yawa, yara 3 zuwa 6 ne cikin 100,000 ke kamuwa a shekara, mafi yawa tsakanin shekara 4 zuwa 7, maza sun ninka mata. Tana kuma jin magani. A ƙasashe masu arziki kusan kashi 90 na yaran na warkewa. A 1972 Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka karɓi lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt kan maganin wannan cuta. Abin da ke kashe yara a nan shi ne jinkiri da yanke magani a tsakiya.

Dala biliyan 4.9

A wasu manyan ƙari, kamar na mama, makurofaj kan kai rabin ƙwayoyin da ke ciki. Da farko an zaci yaƙi suka zo yi. Wani nazari na 2002 da ya tattara binciken da aka yi kafin lokacin ya nuna cewa a fiye da kashi 80 na binciken, yawansu na tafiya ne tare da mummunan sakamako. Ƙari na juya su su koma yi masa hidima: su janyo masa sababbin jijiyoyin jini, su kwantar da sauran garkuwar jiki, su buɗe masa hanyar yaɗuwa. Ba a ko'ina haka take ba, domin a sankarar hanji an sha ganin akasi.

Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gano wata dabarar kuma. Ƙwayoyin sankara na ƙara yawan wani furotin mai suna CD47 a fatarsu, wanda ke hana makurofaj haɗiye su. Cikin ƙwayoyin da aka gwada toshe shi a kansu akwai waɗanda ake kira Raji, da aka samo a Ibadan a 1963 daga sankarar Burkitt ta wani yaro ɗan Najeriya, kuma har yau ana renonsu a ɗakunan bincike na duniya. A 2018 gwajin farko na wani magani mai toshe CD47 a kan masu sankarar fararen ƙwayoyi ya nuna rabinsu sun samu sauƙi. A 2020 kamfanin Gilead ya sayi kamfanin da ke da maganin, Forty Seven, a kan dala biliyan 4.9.

Sai dai rabin nan mutum 11 ne cikin 22. Da aka shiga manyan gwaje-gwaje a kan wasu nau'o'in sankarar jini, maganin bai ƙara wa marasa lafiya kwana ba, aka dakatar da su a 2023 da 2024. Ɗaya daga illolinsa ƙarancin jini ne, domin jajayen ƙwayoyin jini ma da CD47 suke kare kansu. Duk wanda ya ji an ce sabon magani ya yi aiki kashi 50, ya fara tambayar mutum nawa aka gwada.

Kashi 62 cikin 100

Ƙiyasin duniya na 2022 ya ba Najeriya sababbin masu sankara 127,763 da mace-mace 79,542, wato kusan kamuwa 350 da mutuwa 218 a kullum. Sankarar mama ce kan gaba da 32,278. Idan aka auna mace-mace da kamuwa, ana samun kashi 62. A duniya kusan kashi 49 ne, a Amurka kuwa wajen ɗaya cikin huɗu. Tazarar na nuna latti da ake yi kafin zuwa asibiti da tsadar magani.

Waɗannan lambobi ƙiyasi ne, an gina su a kan 'yan rajistocin sankara kamar na Ibadan da aka kafa a 1960, da na Abuja da Kalaba. Yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura a ƙauye, aka ce ciwon haƙori ne ko sammu, ya rasu a gida, bai shiga lissafin kowa ba. Kebbi na da murya a wannan fage: a Oktoba 2024 aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara kuma matar tsohon gwamnan Kebbi, a matsayin shugaba mai jiran gado ta Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na son kashi 60 na yara masu sankara su riƙa warkewa nan da 2030, sankarar Burkitt na cikin shida da ta fi mayar da hankali a kai.

A cikin alƙaluman nan shida, na farko ne ke hannun mutanen Kebbi, kuma saukarsa na rage ƙarancin jinin da ke bayan na uku, ana kuma sa ran ya rage sankarar da ke bayan na huɗu. A Disamba 2024 aka fara allurar rigakafin maleriya ta R21 a Kebbi da Bayelsa, sau huɗu: a wata 5, 6, 7 da 15. A gwajinta ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin shekara guda a wuraren da maleriya ke zuwa da damina, don haka gidan sauro da maganin kariya daga maleriya na wata-wata da ake bai wa yara da damina suna nan daram.

Iyaye su cika allurar har ta huɗu. Duk kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ke ƙaruwa cikin kwanaki, ko haƙoran yaro su kama girgiɗi ba dalili, a kai shi Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi a makon, kada a jira girbi. Gwamnati kuma ta sa kuɗi a gwajin tsoka da rajistar masu sankara, domin cutar da ba a ƙirga ba, ba a yi mata kasafi.