Kwalara, Cutar da Ke Biyo Ruwan Sha

Ƙwayar cuta mai suna Vibrio cholerae ce ke haddasa kwalara, wato amai da gudawa. Tana shiga ciki ta ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, shi ya sa ta fi ƙamari da damina, lokacin da ambaliya ke kwashe ƙazantar masai zuwa rijiyoyi.

Zawon yakan zubo tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, wani lokacin cikin 'yan sa'o'i. Abin baƙin ciki ne a rasa rai alhali taimakon farko ba shi da tsada: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ana haɗa su a ba majiyyaci yana kurɓa har a kai shi asibiti.